Fiton da Kawu Ya Nema a Cikin Inji

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunan. Watanmu ɗaya ke nan da komawa gidan Kawu, ni da Umma, bayan rasuwar mahaifina. Wata safiya wani mutum mai ƙaton ciki ya tsaya a ƙofar gida yana buga ƙyaure da makullin mota, yana cewa, "Kashe-Rediyo yana ciki? A ce masa motata ta tashi da tari." Na ce masa babu mai wannan suna a gidan nan. Umma ta jiyo ni daga bakin famfo, ta yi dariyar da ban ji ta yi ba tun zuwanmu, ta ce, "Kawunki ake nema, je ki taso shi."

Direbobi ne suka laƙaba masa sunan. Bakanike ne, kuma duk wanda ya kawo masa mota, kafin gaisuwa, kafin a faɗa masa abin da ke damunta, maganarsa ta farko ita ce, "Kashe rediyo." Daga nan sai ya ɗaga bonet, ya ɗauko sandarsa. Wani siririn ƙarfe ne mai tsawon hannu, ya yi masa ƙota da katakon tsohuwar sukuddireba. Ƙotar ta yi baƙi tana sheƙi saboda yawan goga ta a fata. Zai dafa bakin ƙarfen a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa na hagu, ya rufe ido. Ya matsa nan, ya matsa can. Sai ka ji ya ce, "Boris ne, na baya. Bai fi kwana goma ya rage masa ba." In aka buɗe, haka za a tarar. Sauran bakanikai buɗewa suke yi sannan su nemi ciwon, shi kuwa sai ya samo ciwon yake kwance noti.

Kawu shi ne autan su Umma. Bai wuce aji huɗu a firamare ba, rubutun jikin kwalin kayan gyara ma ni nake karanta masa, shi ya sa yake ce mini 'Yar Boko. Amma kunnen nan yana ji da shi. Ba ya zama inda aka kunna lasifika, ba ya bari yaransa su yi masa ihu kusa da kai. Umma takan ce, "Auta, kai da kunnen nan kamar ƙwai." Ya ce, "Yaya, shi ke sa miki cefane, ki riƙa gaishe shi da safe."

Garejinsu jerin rumfunan kwano ne a bayan tasha. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta zama kamar kwalta. Ta hagun rumfarsa akwai wani mai faci, abokinsa na shekara ashirin. Kullum suna tsokanar juna. Mai faci yana ce masa Boka, wai yana duba ba tare da ya gani ba. Shi kuma yana ce wa mai faci Ɗan Kasuwar Iska, wai abin da Allah ya ba kowa kyauta shi yake sayarwa.

Ina ajin ƙarshe na sakandare abin ya faru. Ranar Talata ce, da hantsi. Mai faci yana ba tayar tirela iska, Kawu kuma ya sunkuya a kan wata mota, bai fi taku uku tsakaninsu ba, sanda a kunne, ido a rufe. Tayar ta fashe. Ƙarfen bakinta ya tashi ya sami mai faci a ƙirji, ya huda kwanon rumfa ya fita. Kafin a kai mai facin asibiti ya cika. Kawu kuwa ko ƙwarzane babu a jikinsa. An tarar da shi a zaune a ƙasa, yana kallon bakunan mutane suna motsi, wani siririn jini yana bin wuyansa daga kunnen hagu.

Kowa cewa yake, "Allah ya kiyaye, kai ka tsira." Ana maganar gawa, wa zai tsaya maganar kunne? Shi ma bai tsaya ba. Ya goge jinin da tsumman aiki, ya shiga cikin masu ɗaukar abokinsa. Kwana uku yana zaman makoki, ana yi masa gaisuwa yana gyaɗa kai. Daga baya ya gaya mini a kwanakin nan ji yake kamar an tura kansa cikin durom na ruwa ana magana daga waje.

A gida muka yi masa abin da muka sani. Anti, matarsa, ta ɗumama mai a cokali ta ɗiga masa, safe da yamma, ni ce ma nake riƙe masa kai. Wata maƙwabciya ta kawo ragowar maganin ɗiga na ɗanta, shi ma aka zuba. Kunnen ya kumbura ya fara ruwa. Umma ta ce a je asibiti, ya ce, "Yaya, toshewa ya yi, zai buɗe. Motoci biyar ke jira na." Rana ta huɗu ya cusa auduga ya koma gareji, tsakanin masu walda da masu bugun bodi.

Bayan kamar sati biyu jin ya fara dawowa. Ya cire audugar, ya ɗauki sandarsa. Motar farko da ya dafa, ya ɗago ya ce wa mai ita, "Akwai fito a ciki. Siriri ne, amma yana nan." Mai mota ya ce shi fulogi kawai ya zo canjawa. Kawu ya ce, "Ni nake faɗa maka." Wa zai yi musu da Kashe-Rediyo? Aka kwance, aka duba, ba a ga komai ba. Ya ce ya ɓuya ne. Mota ta biyu ma fito. Ta uku ma fito. Ya fara faɗa a gida wai man da ake sayarwa yanzu ne yake cinye injina, duk motocin garin sun kamu da ciwo iri ɗaya.

Abin da bai gane ba, mu ma ba mu gane ba, shi ne a cikin hayaniyar gareji fiton yakan nutse. Sai ya rufe ido ya tattara hankalinsa a kan sanda sannan yake fitowa fili. Shekara talatin duk abin da ya ji a wannan yanayi daga inji yake zuwa. Bai taɓa kawo wa ransa wata hanya ba. A gida in ya ji shi, sai ya ce saura ne na aikin yini ya biyo shi.

Wata Asabar Anti ta aike ni kai masa abinci. Na tarar da mutane sun kewaye rumfar. Bas ce ta wani dattijo da ake kira Tsohon Direba, wanda ke jigilar 'yan makaranta, kuma tun Kawu yana yaron shago yake kawo masa mota. Injin yana silo, bas a tsaye yana aiki a hankali, Kawu yana cewa akwai fito, wani bakanike na rumfar gaba yana cewa, "Haba Oga, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ko dai sandar ce take son sabis?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "A kunna masa rediyo ko zai huta."

Tsohon Direba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni dai yara nake ɗauka, talatin da biyu. In akwai abu ka faɗa mini. In babu ka sallame ni, jibi akwai makaranta."

Sai Kawu ya hango ni. Ya ce, "Yauwa. 'Yar Boko, ajiye kwanon nan. Waɗannan duk guduma ta kashe musu kunne, naki sabo ne. Zo ki saurara."

Ya dafa sandar, ya manna mini ƙotar. Tana da ɗumi. Na ji gurnani, na ji wani tak-tak-tak a jere kamar keken ɗinki. Ban ji fito ba, ko alamarsa. Na ɗago. Idanunsa sun yi ja, ga mutane sun zuba mana ido suna jiran su ƙara dariya. Wannan fa shi ne mutumin da ya ɗauke mu ni da uwata ya saka a ɗakinsa mafi girma, shi ya koma ƙaramin ɗaki.

Ya ce, "Kina ji?"

Na ce, "Ina ji, Kawu."

Ya juya ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Tsohon Direba ya miƙa masa makulli.

Kwana tara yana kwance injin nan. Ya sauke shi ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera komai: fistin, ringi, boris, har ƙananan notuna. Yana ɗaga kowanne ya duba a hasken rana, ya juya, ya shafa da babban yatsa. Babu komai. Iyayen yara suka gaji suka nemi wata bas. Rana ta tara Tsohon Direba ya zo da motar ja da buhuna shida. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Shi da kansa ya durƙusa yana tsince kayan injinsa yana zubawa a buhu. Da ya gama ya ce, "Na yarda da kai fiye da idona." Ya tafi. Bai sake taka rumfar ba har ya mutu.

Daga ranar ba wanda ya sake kawo wa Kawu ko canjin mai. Ya zauna a gida, fiton kuma ya zauna tare da shi. Ya ce fanka ce, ya sauke ta ya warware. Ya ce firij ne, ya janyo shi tsakar gida. Ya hau kujera ya dafa sandarsa a jikin mitar wuta. Ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace masa. Ƙarar cokali a kwanon silba sai ta sa ya dafe kai kamar an soka masa allura, ya daka wa yara tsawa, su kuma su shige bayan Umma. Ni kuwa ina ta jarrabawar fita, ina rubutu ina tuna ƙaryar da na yi masa. Ban gaya wa kowa ba.

Wata Lahadi da azahar ya tashi ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ya cire batirin agogon bango. Ya sa Anti ta fita da yara. Gidan ya yi tsit, ko kaza babu. Ina wanki a bakin famfo, ya ce in rufe famfon in zo. Na same shi tsaye a tsakiyar ɗaki, ya karkata kai.

"Ga shi nan. Ya ma fi ƙarfi. Daga ina yake fitowa? Kina ji, ko?"

Hannuna duk kumfa. Na ce, "Ba na ji, Kawu."

"Ki saurara da kyau."

"Babu komai. Ranar bas ɗin ma ban ji ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga yatsa a hankali ya toshe kunnen hagu. Na ga lokacin da ya gane, don fiton bai tsaya ba. Ya toshe duka biyun. Ya zauna a bakin gado. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Fita ki rufe mini ƙofa."

Wata biyu bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya juya mini kunnen hagu. A cikin kwanakin ne Anti ta shiga ɗaki ta tarar da shi riƙe da siririyar sukuddireba, ya kai bakinta ƙofar kunne. Ta ƙwace, suka yi kokawa har ta yanke a tafin hannu. Ya ce mata so yake ya kashe abin ko da kunnen zai tafi tare da shi. Ranar Umma ta kwashe duk wani abu mai tsini a gidan ta kulle a akwatinta, har sandar. Ta tsaya a kansa ta ce, "Auta, na goya ka, ban goya ka don in ga wannan ba. Gobe asibiti, ko ka tafi da ƙafarka ko in kira maza su ɗauke ka."

Ni aka haɗa su da ni saboda cike takardu. Likitar kunne wata mace ce mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Ta leƙa da 'yar fitila ta ce fatar dodon kunnen ta yage tun ranar, kuma man da muka ɗiga ya bi ta yagewar ya shiga ciki ya ruɓe. Ta ce da an bar shi a bushe, an nisanta shi da hayaniya tun makon farko, da wataƙila labarin ya fi haka sauƙi. Anti ta sunkuyar da kai, ni ma haka, don ni na riƙe kan.

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki kamar akwati, an liƙa wa bangonsa soso. Aka sa masa abin ji a kunnuwa, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Ina kallonsa ta gilashi. Ya rufe ido irin rufewar da yake yi a kan inji. Ma'aikaciyar da ke gwajin ba ta riga ta kunna komai ba, Kawu ya danna. Ya sake dannawa. Ta ɗago ta dube ni, na kawar da kai.

Likita ta nuna mana takarda mai layi biyu. Na dama yana tafiya kusan a miƙe, na hagu ya yi tafiya kaɗan ya gangara kamar rami. Ta ce yagewar za ta iya haɗewa in an sha magani an hana ruwa shiga, amma siraran sautuka a kunnen hagu sun tafi. Kawu ya tambayi abu ɗaya kawai: "Fiton fa? Wane noti za a ɗaure?" Ta ce babu. Zai iya raguwa, zai iya zama. Ta ce kada ya zauna cikin hayaniya, kada kuma ya zauna cikin shiru, don shiru ne ke ciyar da shi. Ya nemi ƙara mai laushi ya ajiye kusa da shi.

Da muka koma gida ya ɗauko rediyon Umma. Ya murɗa ya wuce tasha, ya tsaya a inda babu magana sai shuuu kamar ruwan sama daga nesa. Ya rage murya, ya ajiye a gefen matashi. Umma ta buɗe baki za ta yi tsokana a kan sunansa, ta fasa. Ranar ya yi barcin rana na awa uku, muna tafiya a kan yatsu.

Sauƙin ya zo a hankali, kuma bai zo duka ba. Ruwan kunnen ya tsaya. Anti ta tattara kwanonin silba ta sauya da na roba. Wata rana fiton yakan yi ƙasa har ya manta da shi tsawon cin abinci, wata rana, musamman in ya gaji ko ransa ya ɓaci, ya tashi kamar butar shayi a wuta. Ya koyi zama ta yadda mai magana zai kasance a damansa. Sai bayan wata bakwai ya ce wa Umma ta buɗe akwati.

Rumfarsa an riga an ba wani. Ya sami gefe a wani ƙaramin gareji a ƙarshen layi, nesa da masu walda, a ƙarƙashin mutumin da bai kai shi sanin aiki ba. Yana sa 'yan robobin toshe kunne da likita ta ba shi, ba ya cirewa sai zai saurara. Ya koma amfani da kunnen dama, wanda ya ce kamar rubutu da hagu ne. Kuma ya fito da wata hanya tasa. Kafin a tada mota zai dafa sandar a jikin injin yana kashe, ya rufe ido ya daɗe. Masu mota suna zaton taɓuwa ce. Shi kuwa nasa fiton yake aunawa, yadda ya tashi a ranar. Sannan ya ce a tada. Abin da ya ƙaru a kai, shi ne na motar.

A lokacin ya riga ya fara amsa gaisuwata, amma iyakarta ke nan. Wata rana na kai masa abinci na tarar da shi a kan ƙaramar motar wata malamar asibiti. Ya sa an tada, an kashe, an sake tadawa, har sau huɗu. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Mai garejin ya ce, "Oga, kada mu koma 'yar gidan jiya fa." Kawu bai kula shi ba. Ya miƙo mini sandar ba tare da ya dube ni ba.

Na manna ƙotar. Gurnani, tak-tak-tak, sannan can ƙasa wani siririn tsuwwa, yana zuwa yana ɗaukewa. Amma kalmar da zan faɗa na riga na ɓata ta.

Na ce, "Akwai. Ba a miƙe yake ba, yana yi yana tsayawa. In an taka totur yana ƙaruwa."

Ya ce, "Nawa ba ya tsayawa."

Ya kwance abu ɗaya tak, ƙaramin boris na gefen fanbel. Da ya juya shi a hannu sai ya yi ƙara kamar an zuba masa yashi. Malamar ta yi godiya ta tafi. Ba wanda ya tafa, mai garejin ma ya riga ya koma ƙarƙashin wata mota.

Yau shekara shida ke nan. Sunan bai dawo ba, yaran tasha na yanzu Baba Kurma suke ce masa in ya juya baya. Kunnen daman ma ya fara gajiya, likita ta ce shekara talatin na gareji ba su tafi a banza ba. Rediyon yana nan a gefen matashi, batiri biyu duk sati. Tsohon Direba ya rasu bara, Kawu ya je gaisuwa ya zauna a can baya.

A ranar motar malamar ne muka taho gida tare, karo na farko tun abin da ya faru. Ya sa ni a damansa. Mun wuce tsohuwar rumfarsa, mun wuce ta mai faci, inda har yanzu hudar kwanon take ba a toshe ba. Sai da muka kusa gida ya yi magana.

"'Yar Boko, kunnen nan zai ci gaba da yi mini ƙarya, kuma ba ni da yadda zan kama shi. Zan riƙa tambayarki. Ko a gaban wa, ko za a yi mini dariya har in faɗi, in babu ki ce babu. Kada ki sake jin tausayina."